Ranar da 'Yata Ta Kunna wa Baba Keke

Ni dai tun farko ban so tafiyar ba. A Kafancan aka haife ni, kuma muna yara da ƙafa muke zuwa Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse da rugugin da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ba mu taɓa biyan kowa ya raka mu ba. To yau a ce ni, da furfura ta fara leƙo mini, in bar aikina na jinya a Largo, in hau jirgi zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku, in kifa hular kwano, in bi bayan jagora a kan keke mai batir, duk don in je in kalli ruwa yana faɗowa? Da mijina ya kawo maganar sai da na yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in daina dariya, shawarar zumunta ce, kuma Baba ya riga ya sa albarka.

Zumuntar tamu ta iyalai ce, 'yan kudancin Kaduna da 'yan Filato da ke zaune a wannan yanki na Maryland, a Amurka. Mukan taru bayan sujada, mu yi addu'a da karatu da Hausa, mu ci abincin gida, mu yi gulmar waɗanda ba su zo ba. Baban kuwa ba mahaifin kowa ba ne a cikinmu. Shi ne dai ya riga kowa zuwa ƙasar, kuma rabin mazan zumuntar sun taɓa kwana a ɗakinsa na ƙasa a Upper Marlboro kafin su tsaya da ƙafafunsu. Mijina na cikinsu. Baba ne ya ɗauko shi daga filin jirgi, shi ya ba shi rigar sanyi ta farko, shi ya koya masa tuƙi a kan ƙanƙara. Ban taɓa musun wannan alheri ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda maza masu gemu, masu digiri bisa digiri, suke komawa 'yan firamare da zarar tsohon ya yi gyaran murya.

'Yata ce ta sa na sauko. Ita kaɗai Allah ya ba mu, a nan aka haife ta, kuma kamar sauran yaran nan take: ka yi mata Hausa ta ji tsaf, ta mayar maka da Turanci. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi zuciya na daina. Sai da ta shiga jami'a, ban san abin da ya taɓa ta ba, ta fara da kanta. Ta kira ni a waya ta tambayi sunan wani abu. Ta zo hutu ta zauna cikin mata tana haɗa magana guntu-guntu, ana gyara mata tana dariya. Ni kuwa na kama bakina, ko yabo ban cika yi ba, don kada in yi yawa abin ya gudu. Da ta ji labarin tafiyar sai ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, “Momi, mu je mana. Ina so in yi tafiya da mutanenmu.” Shekara da shekaru ina jiran in ji wannan kalma a bakinta. Washegari na nemi hutu a wurin aiki.

Safiyar da za mu hau kekunan, na ga abin kallo tun kafin a kai ga ruwa. Dakta, wanda likitan zuciya ne, ya sa wani matsattsen wando mai sheƙi da ya fito masa da duk abin da ya kamata a rufa masa asiri. Injiniya ya ɗauro agogo mai ƙirga bugun zuciya, yana nuna wa kowa. Baba kuwa kaftani ya sa, ya ɗora hular kwano a kan hularsa ta zanna, ta zauna can sama tana lilo. Yawancin manyan mata suka ce su dai ba su raina gwiwoyinsu ba, suka shige motar da za ta biyo mu a baya. Ni na ce tunda na zo sai na hau.

Jagorar wata budurwa ce 'yar tsibirin, baƙa kamar mu, mai sanyin murya. Ta yi bayani dalla-dalla: keken yana da nauyi saboda batir, amma in an kunna shi, kana taka feda injin zai tura ka, tudu ya zama kamar fili. Za mu yi tafiya a kan kwalta, mu hau wani dogon tudu, mu ajiye kekuna a sama, sannan mu gangara da ƙafa zuwa inda ruwan yake. Daga nan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana danna maɓallin da ke tsakiyar kan keken, wani ɗan gilashi ya kawo haske. Tana isowa wurin Baba sai ya ɗaga mata hannu. Ya ce mata da Turanci shi da keke ya yi zuwa makaranta tun ba a haifi ubanta ba, ta je ta taimaki masu bukata. Maza suka bushe da dariya kamar an biya su. Yarinyar ta yi murmushi ta wuce.

Ba wanda ya tsara jerin, shi ya tsara kansa. Jagora a gaba, Baba a bayanta, sai maza bisa ga shekarunsu, sai mu tsirarun matan da muka hau, sai samari da 'yan mata a can ƙarshe. A wurinmu ba a shan gaban babba a hanya, ko a ƙafa ko a mota, kuma ashe har a keke mai batir.

A fili ba a gane komai ba. Muka ratsa gonakin ayaba, iska na kaɗawa, har na fara jin kunyar tsakin da na yi ta ja. Muna fara hawan tudu sai jerin ya cushe. Baba ya miƙe tsaye a kan feda, keken na karkata hagu da dama, kaftaninsa ya jiƙe sharkaf ya manne masa a baya. Mu kuwa na baya injin na tura mu, sai matse birki muke don kada mu hau kan juna. Daga inda nake ina hango gilashin kekensa baƙi ƙirin. Tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu, mai hawan jini, yana jan ƙarfe da batir a kan tudu da ƙarfin cinyarsa, rana na dukansa.

Kowa ya gani. Wannan shi ne abin da har gobe ba zan yafe musu ba. Injiniya ya gani, kuma maganin da iliminsa ya ba shi shi ne ya kashe nasa injin, don kada ya wuce Baba bisa kuskure. Na kusa da shi ya ga haka shi ma ya kashe. Kafin ka ce me, manyan maza sun biya kuɗin keke mai batir suna hawan tudu da haki kamar masu turin baro. Jagorar ta juyo ta gangaro, ta tambayi Baba ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ko kallonta bai yi ba. Ta buɗe baki za ta yi maganar maɓallin, sai Dakta ya tare ta, ya ja ta gefe, ya yi mata raɗa cewa dattijon ya san abin da yake yi, a bar shi. Mutumin da aikinsa ke nan kullum, duba zuciyar tsofaffi, yana kallon leɓen Baba ya yi fari, abin da ya dame shi kada a ji kunya.

Na ɗaga murya na kira mijina, na ce, “Ka gaya masa mana!” Ya waigo ya zare mini ido, ya juya. Hanyar ƙunci gare ta, ni kuma ba gwanar keke ba ce da zan kutsa tsakanin maza. Ina cikin tunanin in sauka in bi su da gudu sai na ji muryar 'yata a kafaɗata.

“Momi, ba wanda zai faɗa masa?”

Ban kai ga amsawa ba ta wuce. Ta bi ta gefen hanya, ta wuce ubanta, ta wuce Injiniya, ta wuce Dakta, ta jera da Baba ta damansa. Duk muka ji abin da ta ce, don wurin ya yi tsit in ban da haki.

“Sannu, Baba. Ba a kunna ba ne.”

Ta miƙa hannu ta danna. Keken ya zabura, Baba ya koma kan sirdi daɓas, hular kwanon ta zamo masa a goshi, amma bai faɗi ba. Ya haye sauran tudun sumul. Ita kuwa ta ja birki ta tsaya a gefe, ta bar mazan nan duka suka sake wuce ta, sannan ta koma wurinta a ƙarshen layi. Da na zo daidai da ita ta kashe mini ido. Daga baya ta gaya mini da gangan ta yi masa maganar da Hausa, don kada jagorar ta ji, kada a ce an gyara wa Baba a gaban baƙuwa.

A saman tudu maza suka kewaye shi suna tafi. “Kai, Baba, ashe da sauran ƙarfi!” “Mu yara ma mun sha wuya, Baba ko a jikinsa!” Baba ya zauna a kan dutse yana shan ruwa. Ba wanda ya dubi inda 'yata take.

Ruwan da muka je gani, in faɗi gaskiya, yana da kyau. Ka gangara ta cikin itatuwa masu duhu, ƙasa na santsi, sai ka ji sanyi ya bugi fuskarka, sai ga shi fari fat yana zuba cikin wani tafki kore. Bai kai Matsirga ba, ko kusa, amma ban faɗa wa kowa ba sai mijina. Yara suka faɗa ciki da kayansu. 'Yata ta fito tana ɗigar ruwa, ta je wurin matan da ke raba cincin, tana ba su labarin sanyin ruwan da Hausa, tana neman kalma suna cika mata. Ba ta lura cewa matar Baba, wadda muke kira Mama, ta juya mata ƙeya ba. Ni na lura.

Ba a ce komai ba sai da muka dawo Maryland. A nan wayoyi suka fara aiki. Wata ta kira ni wai tana gaishe ni da gajiya, ta ƙare da cewa yaran ƙasar nan sai addu'a. Wata ta tare ni a wurin ajiye motoci na coci ta ce ita dai ba ta ga laifin yarinya ba, laifin na masu tarbiyya ne. A hankali na tattara tuhumar. Ta sha gaban iyayenta maza. Ta tsinka dattijo a bainar jama'a. Ta taɓa abin hawansa ba izini. Kuma da hannun hagu ta taɓa. Na ce to da wanne za ta taɓa, tana damansa, ɗaya hannun na riƙe da keke? Ko so ake ta saki duka biyu ta durƙusa a kan sirdi? Ba wanda ya ambaci cewa tsohon ya kusa kifewa. Wannan ba ya cikin labarin, kamar ma ba a yi ba.

A taron zumunta na gaba mijina ya je gaishe da Baba, Baba ya amsa yana kallon bango. Mijina ne ke karanta nassi a taron tun da daɗewa, ranar sai aka miƙa wa wani Littafin. Na ga yadda ya zauna yana murza hannu kamar wanda aka kora daga gidan ubansa. Ana tashi Dakta ya ja shi gefe, ya ce magana ba ta da tsawo, a kawo yarinya ta ba da haƙuri, a wuce wurin.

Wata safiyar Asabar, na dawo daga aiki ko takalmi ban cire ba, ya tare ni da maganar a kicin. Na ce ba inda za ta. Na ce in akwai masu durƙuso to su ne, su jeru tun daga Dakta har shi, su ba tsohon haƙuri don sun zuba ido zai mutu a kan tudu saboda ladabi.

“Ki rage murya,” ya ce.

“Ba zan rage ba. Yarinyar nan ta fi ku hankali, ku duka.”

“Na sani.” Ya zauna a kan kujera. “Kina tsammani ban sani ba? Amma mutumin nan shi ne ubana a ƙasar nan. Ki ce in yi yaya? In daina zuwa cikin mutane?”

Ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, haushin ya fi yawa. Ashe 'yata ta zo hutun ƙarshen mako tana zaune a kan matakala tana jin mu. Ta sauko ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi ubanta da ya sunkuyar da kai.

“Zan je, Dadi,” ta ce.

Na ce ba dole. Ta ce ta sani. Sannan ta ce in gaya mata abin da ake faɗa, don ba ta so ta yi kuskure a gabansu. Na dube ta. Duk shekarun nan burina ta zo ta ce in koya mata magana, ga shi ta zo, ga kuma maganar da za a koya. Na faɗa mata: Baba, na yi kuskure, na yi rashin kunya, a yi mini gafara, ba zan ƙara ba. Ta maimaita, ta tsaya a tsakiya.

“Rashin kunya. Shi ne abin da na yi?”

“Shi ne abin da suke so su ji.”

Ba ta ƙara tambaya ba. Washegari bayan sujada muka kama hanyar Upper Marlboro, tana kujerar baya da ɗankwali a kanta, ina jin ta tana bitar kalmomin ƙasa-ƙasa.

Na ɗauka mu kaɗai ne. Muna shiga falo sai ga Dakta da Injiniya da wasu biyu sun baje a kan kujeru, wai sun biyo gaisuwa ne. An tara shaidu ke nan. 'Yata ta cire takalmi, ta taka har gaban Baba, ta durƙusa a kan kafet gwiwa biyu, ta faɗi abin da aka koya mata ba tuntuɓe ko ɗaya. Baba ya karkato kunne ya ce bai ji ba. Ko kunnen ne, ko mulkin ne, Allah ya sani. Ta sake faɗa da ƙarfi.

Ya bar ta a durƙushe, sannan ya ce ya yafe, yaro ai ɗan kuskure ne. Da a nan ya tsaya da na haɗiye. Sai ya gyara zama ya ce abin da yaran yanzu ba su gane ba shi ne, shi yana sane da maɓallin nan sarai, da gangan ya ƙi kunnawa, don an ce masa ya riƙa motsa jiki.

“Ƙwarai kuwa,” in ji Dakta. “Ni ma na sha gaya wa Baba haka.”

Injiniya ya gyaɗa kai ya ce shi ya sa shi ma ya kashe nasa. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ƙifta ido. Manya-manyan mutane, masu duba marasa lafiya, masu zana gadoji, sun haɗu a kan ƙarya ƙarama ƙazama irin wannan, yarinya tana durƙushe a gabansu tana ji. Ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina su a wannan falon ba, kuma mijina na zaune a cikinsu yana cewa an gode, an gode.

Mama ta fito daga kicin ta ɗaga ta, ta rungume ta. “Kai, 'yar nan! Kun ji Hausa a bakinta? Tsaf, kamar ba a nan aka haife ta ba. Haka muke so, ki riƙa yi.” Aka kawo shinkafa da kaza. 'Yata ta karɓa da hannu biyu, ta ci loma kaɗan, ta kai farantin kicin ta wanke.

A mota mijina har da 'yar waƙarsa, an sauke masa kaya. Ya ce da ita ta kyauta, Allah ya yi mata albarka. Ta ce masa ba komai, da Turanci. Na tambaye ta ko in zuba mata miya ta tafi da ita makaranta, ta ce a'a, tana da abinci, da Turanci. Na ce a raina gajiya ce.

Muka sauke ta a tashar jirgin ƙasa ta Largo. Na fito na taya ta ciro jaka, na riƙe hannun jakar ban saki ba. Na ce, “Yi mini magana da Hausa mana. Ni me na yi miki?”

Ta ce ban yi mata komai ba. Ta faɗa a hankali, ba fushi a fuskarta, kuma duk da Turanci. Ta ce ranar nan a kan tudu ta zaɓi Hausa ne don ta rufa wa tsoho asiri, yau kuma da ita aka sa ta durƙusa ta kira kanta mara kunya, har sau biyu, ana yaba mata iyawa. Ta ce yanzu in ta buɗe baki za ta yi, kafet ɗin nan take ji a gwiwarta. Ta sumbace ni a kumatu, ta zare jakar daga hannuna, ta shige tasha.

An mayar wa mijina karatunsa a taro na gaba, kuma har yau shi ke yi. Ita kuma tana zuwa gida, tana kira na a waya, duk abin da na faɗa tana ji. Amma daga ranar ban sake jin kalmar Hausa ɗaya a bakinta ba, ko da “to” ce.